Kirak ko biyan wata-wata? Amsa ga kanena mai dizain na Mamobi

Wani kanenmu daga Mamobi ya turo min tambaya. Yace ya koyi dizain, yana yiwa mutane filaya na awure da suna da maulidi, Photoshop da CorelDRAW din da ke laftof dinsa duk kirak ne, wato softwaya da aka fasa ake amfani da ita ba biya, da aka zuba masa a Circle, inda ake sayar da kwamfuta da waya a Accra, to yanzu kullum sai wani sako ya fado masa a fuskar kwamfuta wai kayan nan ba na gaskiya bane za'a rufe. Ya leka farashin na gaskiya yaga abin ba dama. Tambayarsa kashi uku ce: me yasa kamfanonin nan suka daina sayarwa sai dai a rika biyansu duk wata, shin ya daure ya biya ne ko yaci gaba da kirak dinsa, sannan wadannan manhajojin na kyauta da 'yan Linux, wato masu amfani da tsarin kyauta da ke madadin Windows, suke ta mana wa'azi a kansu suna aiki kuwa ko surutu ne kawai?

To kanena, ni aikin dab'i nake a New Town tun lokacin da ake kawo mana aiki a faifan CD, kuma rabin kwamfutocin layinmu in suka kwanta ni ake kira, saboda haka abin da zan fada maka daga cikin shago ne. A takaice: softwaya din da ke kawo maka kudin abinci ita kadai ce ta cancanci ka biya mata, ita ma din sai kayi lissafi da sidi ba da dala ba. Sauran duk akwai hanyar da za ka bi ba ka biya ba kuma ba ka yi kirak ba. Amma bari in warware maka, dan maganar tana da rassa.

Da can saye ake yi. Ka biya sau daya a baka kwali da faifai da lambar sirri, shikenan ya zama naka, in kaga dama ka shekara goma kana aiki da shi. Photoshop CS6 da ya fito a 2012 dala 699 ne, in kuma duka kayan Adobe kake so a hade kusan dala 2,600. A watan Mayu na 2013 Adobe suka ce sun gama da wannan tsarin, daga yanzu sai Creative Cloud, dala 50 a wata. Mutane sunyi ihu sosai, an sa hannu a takardun koke, ba abin da ya canza. Dalilinsu ba boyayye bane: mutumin da ya sayi CS3 yana jin dadinsa ba shi da dalilin sayen CS4, to kamfani sai ya zauna yana jira kudi na shigowa shekara daya shekara daya babu, su kuma masu hannun jari abin da suka fi so a duniya shine kudin da aka san zai shigo kowane wata ba fashi. Kudin shigar Adobe a 2013 wajen dala biliyan 4 ne, a 2024 ya wuce biliyan 21. Da sauran kamfanoni suka ga haka wa zai tsaya? Microsoft dama sun riga sun fito da Office 365, Autodesk masu AutoCAD suma suka daina sayarwa, yau har karamar manhajar sikanin takarda a waya sai tace maka ka biya duk sati.

Kai da ke Accra ba sai an maka dogon bayani ba, haya ce. Wanda ya gina dakinsa ko da na laka ne ba mai zuwa ya kwankwasa masa kofa karshen wata, dan haya kuwa ko ya shekara ashirin yana biya ranar da ya kasa ranar zai ga kayansa a waje, kuma mai gida na iya kara kudi duk lokacin da ya bushi iska. Har adibas din nan na shekara da masu gidajen Accra ke karba akwai irinsa a ciki. Adobe na da wani tsari da ake nuna maka farashin wata, kai kana zaton wata-wata ne, ashe alkawarin shekara guda ka daura ana dai karba ne kadan-kadan, in ka wuce kwana 14 kace ka fasa sai su caje ka rabin kudin watannin da suka rage. Wannan ba zancen bes bane, irin na majalisar hira, a watan Yuni na 2024 gwamnatin Amurka da kanta ta kai su kotu akan cewa sun boye wannan tarar a kananan rubutu kuma sun sa fita ta yi wuya. Saboda haka duk ranar da za ka biya, ka bude ido ka karanta wanne ka danna a cikin ukun: na wata zalla wanda ya fi tsada amma kana fita lokacin da kake so, na shekara ana karba duk wata, ko na shekara a biya gaba daya.

Adalci dai, tsarin yana da inda ya taimaki irinka. Yaron da ya fara aiki ina zai samu dala 699 a dunkule? Amma dala 23 na wata daya, a farashin Amurka kenan na manhaja guda, abu ne da aiki biyu ko uku zai iya fitarwa. Inda lissafin ke juyewa shine bayan kamar shekara biyu da rabi, a nan ka riga ka biya kudin tsohon kwalin nan cif, kuma ba ka da komai a hannu.

Babbar matsalarmu mu a nan ma ba Adobe bace, dala ce. Farkon 2022 dala daya wajen sidi 6 take, kafin watan Nuwamba na shekarar ta kusa 15 a wajen 'yan canji. Wanda ke biyan dala 60 a wata na softwaya ya tashi daga sidi 360 ya koma kusan 900, ko da su can ba su kara ko sisi ba, shi kuma kastoma da ka yiwa filaya a Janairu in kace masa kudi ya ninka a Disamba sai ya kalle ka kamar ka zage shi. Karshen 2024 ta haura 16, tsakiyar 2025 ta sauko wajen 10 da 'yan kai, kowa ya dan numfasa. To ko a sidi 10 din ma ka duba: mafi karancin albashi na 2025 sidi 19.97 ne a rana, ko mutum yayi kwana 30 ba hutu bai cika sidi 600 ba, wato daidai kudin duka kayan Adobe na wata guda a farashin dala 60 na farkon 2025. Ba'a ma sa harajin VAT da 'yan uwansa da ake dorawa kan kayan intanet na kamfanonin waje ba, ba'a sa abin da banki ke yanka in ka biya da kati ba. Farashin an yanka shi ne da aljihun mutumin California, mu kawai mun tsinci kanmu a layin biya ne.

Kuma kar wani yace maka ba za su iya ragewa ba. Suna ragewa inda suka ga kasuwa. OpenAI da ke karbar dala 20 a wata na ChatGPT Plus, a watan Agusta na 2025 sun fitowa Indiya da wani karamin tsari na rupi 399, bai kai dala 5 ba, saboda mutum sama da biliyan daya ba abin wasa bane. Mu kidayar 2021 ta bamu miliyan 30 da dubu dari takwas, cikinsu masu biyan softwaya da kati nawa ne? Shi yasa ba mai zama ya yanka mana farashinmu na kanmu sai jefi-jefi. Ka tuna rigimar DStv ta 2025 da minista Sam George ya tsaya kai da fata sai an rage kashi 30 saboda 'yan Najeriya na biyan kasa da namu sosai akan kaya iri daya? Wannan ya yiwu ne saboda suna da ofis a nan da lasisin da gwamnati za ta iya rikewa, kuma duk da haka karshenta karin tashoshi aka samu a madadin ragin. Wanda ba shi da ko kiyos a kasar fa, da me za ka rike shi?

Sabon abin da ake fakewa da shi yanzu kuma AI ne. A Janairun 2025 Microsoft suka cusa AI dinsu Copilot cikin Microsoft 365, na mutum daya ya tashi daga dala 70 zuwa 100 a shekara, na iyali daga 100 zuwa 130, ko kana so ko baka so. Akwai tsohon tsarin mara Copilot a tsohon farashi amma sai ka danna kamar za ka fita sannan yake bullowa, har hukumar kare masu saye ta Ostareliya ta maka su a kotu kan haka a Oktoban 2025. Gaskiyar da ke ciki ita ce AI na cin kudi da gaske, ba kamar Word ba da in an rubuta shi sau daya kwafi miliyan ba ya kara musu komai, shi AI kowace tambaya da ka yi akwai injin da ke shan wuta a wani wuri. Na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shine a dorawa hajiyar da wasikar makaranta kawai take bugawa kudin injin da ba ta taba tambayarsa komai ba.

Yanzu kirak. Ba zan tsaya ina maka fuskar waliyyi ba, duk wanda ya koyi kwamfuta a zangon nan da kirak ya koya, daga Nima har Sabon Zango har Aboabo ta Kumasi. Su kamfanonin ma sun sani sarai. Bill Gates da bakinsa a 1998 yana magana akan Chaina yace tunda dai satar za su yi gara su saci namu, in sun saba daga baya ma san yadda za mu karba. Kuma haka akayi. Ka tuna malamin nan Richard Appiah Akoto na Sekyedomase a yankin Ashanti da hotonsa ya zaga duniya a 2018 yana zana Microsoft Word da alli a allo saboda makarantar ba kwamfuta? Kowa ya yaba masa kuma ya cancanta, amma ni abin da na gani a hoton shine yaran da ba su taba taba linzamin kwamfuta ba an riga an koya musu cewa rubutu a kwamfuta sunansa Word. Sabo shine jarinsu.

Ta fuskar doka, dokar hakkin mallaka ta Ghana ta 2005 ta hada da manhajar kwamfuta, wannan a rubuce yake. Ta fuskar addini malamanku na Mamobi sun fi ni bakin magana, ka same su. Ni abin da zan fada maka shine wanda nake gani da idona a teburin gyara.

Kirak din 2010 daban na yau daban. Da yara ne masu son a san su gwanaye ne suke fasa softwaya su sa sunan kungiyarsu da wani kida mai kara a jikin kijen din, wato 'yar manhajar da ke kago lambar sirrin bogi. Yau sana'a ce. Wanda ya dora maka Photoshop kyauta a wani shafi mai maballin saukewa guda biyar, hudu na karya, ba dan Allah yayi ba. Kuma matakin farko a umarnin kowane kirak menene? Kashe antibairos. Da hannunka. Wani makwabcinmu a layi, mai shagon buga kalanda da katin awure, yaronsa ya sauke wani kirak da daddare, da safe suka bude kwamfuta kowane fayil ya samu karin wasu haruffa hudu a wutsiyar sunansa, fayilolin CorelDRAW na kastomomi wato CDR, hotunan amare, tambarin makarantu na shekara da shekaru, ba wanda ke budewa. A kowace folda an ajiye wata 'yar takarda da ke cewa a biya dala 980, in an yi sauri cikin awa 72 a biya 490. Wannan bairos din sunansa STOP ko Djvu kuma ta hanyar kirak da kijen ya fi yaduwa. Had-disk din da yake ajiyar aikinsa a ciki ma a makale yake a jikin kwamfutar daren, ya tafi tare da su. Na zauna na gwada abin da ake gwadawa, kadan muka tsamo daga tsofaffin sakonnin WhatsApp da imel. Mutumin nan dattijo ne, ranar yana zaune a kan benci yana kiran kastomomi daya bayan daya yana tambaya ko suna da kwafin tambarinsu.

Wannan ma mai ihu ne, ka san an maka barna. Wanda ya fi muni shine mai shiru, ya kwashe duk kalmomin sirrin da ke cikin Chrome dinka, Facebook, Gmail, akawun din banki, ya aika, kai kana nan kana hada filaya. Sai bayan wata biyu kaga shafinka yana tallan kirifto ko ana rokon 'yan uwanka a turo momo da sunanka. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kanena. In har ka nace sai ka rike kirak na dan lokaci saboda ba yadda za ka yi, to akalla kwamfutar da yake ciki kar ta san komai na kudinka, kuma aikinka ya zama yana wani had-disk da kake cirewa ka sa a durowa.

Sai 'yan uwan kirak masu sanye da riga mai kyau: masu tallan Canva Pro na har abada da 'yan sidi kadan a status, da masu sayar da lambar Windows ko Office a farashin kwanon waakye. Yawancin na Canva din akawun din makaranta ne ko na wata tawaga aka jefa ka ciki, ranar da aka gano aka rufe, ko mai shi ya cire ka, dizain dinka na ciki. Lambobin kuma galibi na kamfanoni ne da aka saya da yawa ake sayarwa ta bayan gida, wata tayi shekara wata sati uku. Ba abin da ake kira har abada a kayan da kamfaninsa da kansa wata-wata yake sayarwa.

To na kyauta fa? A nan ne nake rabuwa da bangarorin biyu. Masu cewa duk shirme ne ba su gwada ba tun 2012, masu cewa sun maye gurbin komai kuma ba su taba kai aiki wajen mai injin dab'i karfe tara na dare ana jiran fosta da asuba ba.

Wasu kam sun kai, ba tantama. Blender na zanen 3D, wanda a 2002 jama'a suka yi karo-karo na yuro dubu 100 cikin sati bakwai aka fanshi lambobinsa aka sake shi kyauta, da shi aka hada fim din katun na kasar Latbiya da ya ci Oscar a 2025. DaVinci Resolve na hada bidiyo kyauta ne kuma ya ishi duk mai daukar awure a garin nan, in kana son babban dala 295 ne sau daya ba wata-wata ba, sai dai yana son kwamfuta mai karfi. LibreOffice zai maka wasika da rasit da lissafin shago lafiya lau, jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ma ta dauki matakin mayar da kwamfutocin gwamnati kusan dubu 30 kansa. Sai babban labari a wajenku masu dizain: Canva sun sayi Affinity a Maris din 2024, a karshen Oktoban 2025 suka hade shi manhaja daya suka ce kyauta, sai kayan AI na ciki ne ke bukatar biya. Affinity ba wasan yara bane, yana CMYK wato tsarin kalar injin dab'i, yana bude PSD wato fayil din Photoshop, yana fitar da PDF mai kyau. Ina amfani da shi ina kuma sa ido, dan kamfanin da ya kashe makudan kudi ya sayi abu sannan ya raba kyauta yana da inda ya nufa, akawun din Canva da suke sa ka bude kafin ka shiga ba ado bane.

Amma ga inda gizo ke sakar a aikinmu. Na farko kala. Fuskar kwamfuta RGB take, injin dab'i CMYK yake sha, shudin nan mai haske da kake gani a laftof in ya sauka a takarda sai ya dawo wani shudi mai duhu kamar ya sha ruwa, kastoma yace ba haka ya gani a waya ba. Inkscape yana da kyau wajen zanen tambari amma a CMYK har yanzu da saura, GIMP ma duk da na 3.0 da ya fito a Maris 2025 ya gyaru sosai ba gidansa bane, sai ka bi ta Scribus ko Krita. Na biyu larabci, wanda turawan da ke rubuta sharhin softwaya ba ruwansu da shi amma mu rabin aikinmu ne, fostar maulidi, katin adua, kalandar makaranta. Shekara da shekaru ana kuka Affinity bai iya rubutun dama zuwa hagu ba, haruffa su rarrabu su juya baya, to kafin ka kwashe kayanka ka koma can ka buga bismilla a ciki ka gani da idonka. Abin mamaki Inkscape na kyauta yana hada larabci daidai, sai ka rubuta a can ka mayar da shi zane ka dauko. Ka nemi font din Amiri, kyauta ne kuma yana da kyau, sannan Noto na Google dan haruffanmu masu lankwasa da na Twi, ka huta da akwatunan nan da ke fitowa a madadin harafi.

Na uku kuma wanda ya fi duka: New Town da Corel take magana. Mai injin da za ka kaiwa aiki CDR ya sani, kuma watakila tsohon Corel X7 ne a kwamfutarsa ko ma X3, in ka adana da sabo ba zai bude masa ba. Mafitar ba wai ka sayi abin da yake da shi bane, ka koyi mika aiki a gama: rubutu duka ka mayar da shi zane, a Corel Ctrl da Q ne, kala CMYK, hoto 300 dpi in na hannu ne, ka bar 'yar rarar milimita 3 a gefe saboda yanka, ka fitar da PDF. Mai injin da aka ba PDF mai tsabta ba ya tambayar da me aka yi shi. Da yawan yaran da ke cewa dole sai Corel, abin da suke nufi shine basu iya wannan ba. Corel din ma har yanzu suna sayar da na biya sau daya, ga wanda shagonsa ya kai.

Bari in dan taba 'yan uwana 'yan kwamfuta tunda ka ambace su. Ina sonsu, ni ma cikinsu nake, akwai tsohuwar ThinkPad a gida da Linux Mint a kai. Amma mu fadi gaskiya muna da surutu. A zauna a bes ana shan ataya daga la'asar har isha ana musun iPhone da Samsung, ko Elon Musk da ya sayi Twitter gwani ne ko mahaukaci, wanda ma'aikatan ofishin Twitter na Accra da aka sallama a Nuwamban 2022 sun riga sun ba kansu amsa. DeepSeek, AI din Chaina, ya fito a Janairun 2025 Nvidia mai kera kwakwalwar injinan AI tayi asarar kusan dala biliyan 600 a rana daya, sai kaga yaron da bashi da kudin data na gobe yana jimami kamar da hannun jarinsa a ciki. Dan Linux kuma in kace masa firintarka ta ki aiki sai yace ka canza Windows gaba daya. Akwai barkwancin da ya fi tsufa a cikinmu, na WinRAR, da yace gwajin kwana 40 ne amma shekara ashirin yana rokonka ka biya kana danna rufe yana ci gaba da aiki, har ana cewa wanda ya taba biya a nuna shi a gani. Amma surutun yana da rana wani lokacin. Unity masu injin hada gem sun ce a Satumban 2023 za su rika karbar kudi duk lokacin da wani ya sauke gem, masu hadawa suka yi ca, cikin wata guda shugaban kamfanin ya tafi, bayan shekara aka soke tsarin gaba daya. JetBrains masu kayan aikin rubuta manhaja ma a 2015 da suka koma biyan wata, ihun da aka yi ya sa suka ce wanda ya biya shekara guda zai rike wannan sigar har abada. Bambancin shine wadancan masu biya ne suka yi ihu. Ihun mai kirak ba ya isa ofishin kowa.

Marigayi Herman Chinery-Hesse da ya kafa kamfanin softwaya na SOFTtribe a Ghana a 1991 ya dade yana cewa softwaya din da za ta yi aiki a nan sai ta jure yanayinmu, wuta ta dauke, layi ya yanke, kudi ba yawa. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin karkashin teku suka yanke kasar nan ta kwana biyu tana lalube, masu Canva zalla sun zauna ne suna kallon fuskar kwamfuta, mai tsohon Corel kuwa yana ta aikinsa. Su Adobe da Microsoft 365 suna aiki ba intanet amma lokaci-lokaci sai sun leka gida sun tabbatar ka biya. Kuma ba kudi kadai ke rufe kofa ba, a Oktoban 2019 Adobe sun sanar da rufe akawun din mutanen Venezuela gaba daya saboda takunkumin Amurka, daga baya aka sassauta, amma masu biya ne fa aka yiwa haka. Shi yasa kowane aiki ka gama ka ajiye shi kashi biyu, na manhajar da kayi da ita, da kuma PDF ko SVG ko PNG da kowa ke budewa, a had-disk dinka ba a gajimarensu kadai ba.

Game da laftof din naka, tunda a Circle ka saya ina kyautata zaton irin wadanda aka yi amfani da su a waje ne. Windows 10 Microsoft sun daina bashi kariya tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance yana son wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da Intel zubi na 8 zuwa sama. Tip Toe Lane cike take da Core i5 zubi na 6 da na 7 masu lafiya sarai, kuma za'a kara turo mana su da yawa tunda can sun zama shara. Yaran wajen sun iya tsallake shingen da wata manhaja mai suna Rufus su zuba 11 din, yana aiki, sai dai babban sabuntawa na iya makalewa. In za ka sayi wata nan gaba kar ka tsaya a jin i5 ko i7, ka tambayi zubi na nawa, ka bude ka gani da kanka kafin ka mika kudi.

In ni ne kai ga yadda zan yi. Word da Excel ba zan biya ba, LibreOffice ko Google Docs ko na Microsoft din na kan intanet wanda kyauta ne. In kana da kani ko aboki a jami'ar Legon ko KNUST ka sani imel din makaranta kan bude kofofi, Autodesk na ba dalibai lasisin shekara kyauta, GitHub na da kunshin dalibai, Adobe na rage musu fiye da rabi, amma na dalibi ne da sunansa, kuma na Autodesk din ba na aikin kudi bane. Dizain na yau da kullum zan sauke Affinity da Inkscape in ba su wata daya cur ina yin aikin gaske da su, ba kallon bidiyo ba, dan makon farko hannunka zai rika neman maballan Photoshop kana tsaki. In bayan haka akwai aikin da lallai sai Photoshop, ka duba tsarin masu daukar hoto da ke hade da Lightroom, a farashin Amurka dala 20 ne, ya fi sayen Photoshop shi kadai sauki, abin dariya amma haka suka tsara. In kuma aikin na lokaci ne, kamar kakar zabe ko Disamba ko gab da sallah da awure ke yawa, ka dauki na wata zalla kayi aikinka ka rufe.

Kudin kuma kastoma ne zai biya ba kai ba. Ka raba kudin watan da yawan aikin da kake samu, in sidi 250 ne kana aiki 25 to sidi 10 ne a kan kowanne, ka zuba shi cikin farashi kamar yadda muke zuba kudin tawada da takarda da na wutar ECG, ba sai ka yi masa bayani ba. In ka raba kaga abin da ya hau kan kowane aiki yafi karfin kastomominka, to shagon bai kai matsayin wannan softwaya din ba tukuna, ka zauna a na kyauta har aiki ya karu. Sauran canjin da ke hannunka yanzu kuma ka sa SSD ka kara RAM ya kai 16, sannan ka sayi had-disk na biyu tun kafin karshen watan nan.